Takunkumin Kasuwanci Mai Dogon Zango da Da'awar Yaɗa Dimokuraɗiyya: Nazari a Kan Kyuba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko takunkumin kasuwanci da ya ɗauki shekaru masu yawa zai iya jituwa da da'awar yaɗa dimokuraɗiyya a ƙasar da aka ƙaƙaba wa shi. An ɗauki takunkumin Amurka a kan Kyuba, daga 1960 zuwa ƙarshen 2024, aka gwada shi da na Iraƙi da na Afirka ta Kudu. An dogara da dokokin Amurka da Kyuba, da takardun gwamnati da aka riga aka fitar, da ayyukan masana kimiyyar siyasa. Abin da ya bayyana shi ne, a ƙasar da jam'iyya ɗaya ke riƙe da mulki da kasuwa, daɗewar takunkumi tana raunana jama'a fiye da yadda take raunana gwamnati.

Gabatarwa

A watan Oktoban 1960 gwamnatin Eisenhower ta hana fitar da mafi yawan kayayyakin Amurka zuwa Kyuba, bayan da Fidel Castro ya mayar da kamfanonin Amurkawa mallakar gwamnati. A Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya faɗaɗa hanin ya game kusan dukkan ciniki. Tun daga lokacin shugabanni sama da goma sun zauna a Fadar White House, Tarayyar Sobiyet ta rushe, Fidel ya miƙa mulki ga ƙanensa Raul, shi kuma ya miƙa wa Miguel Diaz-Canel a 2018, amma jam'iyyar kwaminis ita kaɗai ce doka ta yarda da ita a tsibirin.

Ana iya tsayawa nan a ce takunkumin bai yi aiki ba. Tambayar wannan nazari ta fi haka nauyi: shin hanyar da takunkumi ke bi don ya yi aiki ta dace da manufar da ake cewa yana yi wa hidima?

Waiwayen ayyukan magabata

Johan Galtung, a nazarinsa na 1967 kan Rodeshiya, ya soki tunanin cewa matsin tattalin arziki yana rikiɗewa kai tsaye ya zama rushewar siyasa. Ya nuna cewa matsi daga waje kan iya haɗa kan mutane a bayan shugabanninsu. Hufbauer da Schott da Elliott sun tattara takunkumai na ƙarni na 20, suka ce kusan ɗaya cikin uku sun yi nasara ko da ba cikakkiya ba. A 1997 Robert Pape ya sake bin lissafinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce cikin 40 da suka kira nasara, 5 ne kawai suka cancanci sunan. Peksen da Drury, a 2010, sun gano cewa 'yancin siyasa yana raguwa a ƙasashen da aka sa wa takunkumi, kuma raguwar ta fi muni idan takunkumin ya game komai.

Sai dai ba duka masana suka tafi a kan haka ba. Von Soest da Wahman sun nuna a 2015 cewa takunkuman da aka sa musamman don neman dimokuraɗiyya bayan 1990 sau da yawa suna zuwa tare da ɗan ci-gaba. Escriba-Folch da Wright kuwa sun bambanta gwamnatoci: mulkin mutum ɗaya da ke rayuwa a kan raba wa magoya baya kuɗin waje ya fi saurin girgiza, mulkin jam'iyya ɗaya ya fi jurewa. Wannan bambanci ne mabuɗin fahimtar Kyuba.

Dabarar da aka gina takunkumin a kai

Ba sai an yi hasashe ba, domin a rubuce take. A ranar 6 ga Afrilun 1960 wani babban jami'in Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, Lester Mallory, ya rubuta takarda ta cikin gida wadda daga baya aka fitar. A ciki ya amince cewa yawancin mutanen Kyuba suna goyon bayan Castro, kuma babu wata adawa mai ƙarfi. Saboda haka, a ganinsa, hanyar da ta rage ita ce a hana ƙasar kuɗi da kayayyaki har albashi ya karye, yunwa da fidda rai su kai ga kifar da gwamnati.

A nan saɓanin yake tun daga tushe. Dimokuraɗiyya tana ɗaukar ra'ayin jama'a a matsayin abin da mulki zai bi. Wannan dabara kuwa ta ga ra'ayin jama'a, ba ta gamsu da shi ba, sai ta shirya sauya shi da yunwa. Gaskiya ne cewa a 1960 maganar Yaƙin Cacar Baka ake yi. Amma da aka sake wa takunkumin riga a 1992 da sunan Dokar Dimokuraɗiyyar Kyuba, dabarar ba ta canza ba, ƙara tsauri ma ta yi. Dokar ta hana rassan kamfanonin Amurka da ke wasu ƙasashe ciniki da Kyuba, ta kuma ce duk jirgin ruwan da ya sauke kaya a tsibirin ba zai shiga tashar Amurka ba sai bayan kwana 180. An yi wannan ne daidai lokacin da tallafin Sobiyet ya yanke, tattalin arzikin Kyuba ya faɗi da kusan kashi 35 cikin ɗari tsakanin 1989 da 1993, kuma wata cutar jijiyar ido mai nasaba da rashin abinci mai gina jiki ta kama mutane kimanin 50,000. In da yunwa tana haifar da dimokuraɗiyya, to a shekarun nan ya kamata a gan ta. Abin da aka gani shi ne zanga-zangar yini ɗaya a bakin tekun Havana a Agustan 1994, sai dubban mutane da suka hau kwale-kwalen da suka ɗaura da tayoyi da katako suka nufi Florida.

Wa ƙarancin kaya ke ƙarfafawa

Tun 1962 kowane gida a Kyuba yana da ɗan littafin rabon abinci. Ana yi wa gidan rajista a wani shago na unguwa, a rubuta sunayen mutanen gidan da shekarunsu. Uwar gida ta je da littafin, mai shago ya auna shinkafa da sukari da wake da ɗan mai, ya sa alama a shafin wannan wata. Abin da ake bayarwa ba ya kai iyali ƙarshen wata, amma ba wanda zai yi wasa da shi. Ma'anar wannan a siyasa a fili take: duk lokacin da kaya suka yi ƙaranci, hannun da ke rabo ne ke ƙara daraja. Ɗan kasuwa mai zaman kansa, da lauya, da mai buga jarida, waɗanda a wasu ƙasashe su ne ƙashin bayan adawa, ba su da inda za su tsaya da ƙafarsu.

Haka aka gani a Iraƙi bayan ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 661 na Agustan 1990. Malamai da likitoci sun sayar da littattafai da kayan ɗaki don su ci abinci, katin rabon gwamnati ya zama abin dogaro, makusantan fadar Saddam suka yi arziki da fasa-ƙwauri. Denis Halliday, jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza, ya ajiye aiki a 1998 don nuna rashin amincewa, wanda ya gaje shi, Hans von Sponeck, shi ma ya ajiye a 2000. Shekara goma sha uku ba su kawar da Saddam ba, sai mamayar 2003.

Illa ta biyu ta shafi 'yan adawa su kansu, kuma ita ce ta fi damun mai wannan nazari. Bayan dokar Amurka ta Helms-Burton ta 1996, majalisar Kyuba ta kafa Doka ta 88 a 1999, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20 ga duk wanda aka ce ya taimaka wa manufofin takunkumin. A Mayun 2002 ɗan adawa Oswaldo Paya ya miƙa wa majalisa sa hannun mutane sama da 11,000 suna neman ƙuri'ar raba-gardama kan 'yancin magana da zaɓe, yana dogaro da tsarin mulkin ƙasar kansa. A watan ne tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya ambaci wannan yunƙuri a jawabin da aka watsa kai tsaye daga Jami'ar Havana, ya kuma nemi a ɗage takunkumin. A Maris na 2003 aka kama 'yan adawa 75, aka yanke musu ɗaurin shekara 6 zuwa 28, kuma Doka ta 88 na cikin abin da aka tuhume su da shi. Alhakin ɗaurin yana wuyan gwamnatin Kyuba, babu ja. Amma takunkumin ne ya ba ta harshen da za ta kira mai neman zaɓe ɗan koren abokan gaba.

Sai ƙaura. Mutane kimanin 125,000 sun fice ta tashar Mariel a 1980, sama da 400,000 kuma sun isa iyakar Amurka a 2022 da 2023. Yawancinsu matasa ne masu jini a jika, wato waɗanda dabarar Mallory ke jira su yi bore.

Hujjar masu goyon baya

Masu kare takunkumin suna da magana. Kyuba tana ciniki da Sifaniya da Kanada da Sin da Benezuwela, kuma tun wata dokar Amurka ta 2000 tana sayen abinci daga Amurka, musamman kaji, da sharaɗin biya kafin a ɗora kaya. Ƙarancin da ake fama da shi yana da tushe a tsarin noma da farashi na gwamnati, da gyaran kuɗin da aka yi a Janairun 2021 wanda ya hura wutar tsada. Sun kuma ce sassaucin da Obama ya fara a Disambar 2014 bai kawo zaɓe ba, kuɗin yawon buɗe ido ma rukunin kamfanonin soja na GAESA ne ya fi cin moriyarsu.

Duk wannan haka yake, sai dai bai kai inda suke so ya kai ba. Sassaucin bai cika shekara uku ba aka fara janye shi, an kuwa ba takunkumin shekara sittin. A ɗan lokacin ne masu ƙananan gidajen abinci da masu ba da hayar ɗaki suka sami kuɗin shiga da ba ta hannun gwamnati ya biyo ba. Zanga-zangar 11 ga Yulin 2021, mafi girma cikin shekaru da dama, ta bazu ne ta wayoyin hannu, bayan da aka buɗe intanet a waya a Disambar 2018. Lokacin da Western Union ta rufe ofisoshinta a tsibirin a Nuwamban 2020 sakamakon sabon matakin Amurka, tsohuwar da ɗanta ke aiko wa daloli daga Miami ce ta fara ji a jika.

Afirka ta Kudu da batun yardar jama'a

Misalin da ake yawan kawowa shi ne Afirka ta Kudu. Amma a can waɗanda ake zalunta ne suka nemi a ƙaurace wa ƙasar, tun daga Albert Luthuli har zuwa Desmond Tutu. Gwamnatin wariyar launin fata kuma tana da masu zaɓe farare da 'yan kasuwa da dole ta saurara, waɗanda suka ji zafi sosai bayan bankunan waje sun ƙi sabunta bashi a 1985. Dokar Amurka ta 1986 ta zo da sharuɗɗan da gwamnati mai ci za ta iya cikawa, aka kuma ɗage ta a 1991. Helms-Burton kuwa ta shardanta gwamnatin riƙon ƙwarya da babu Fidel babu Raul a cikinta, ta kuma ɗaure hannun shugaban Amurka. Wanda aka ce sai ya sauka kafin a sassauta ba shi da dalilin yin rangwame ko kaɗan.

Mai karatu a Maraɗi ko Katsina ya ga ɗan guntun wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakokin Nijar, Najeriya ta yanke wuta, motocin kaya suka yi layi a Jibiya da Illela, farashin shinkafa da magani ya tashi. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hamɓararren Shugaba Bazoum yana tsare, Nijar kuma ta riga ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar.

Matsalar da ta rage

Tun 1992 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman a kawo ƙarshen takunkumin Kyuba, a 2023 ƙasashe 187 suka goyi baya, Amurka da Isra'ila suka ƙi. Mafita da masana da dama ke bayarwa ita ce takunkumi a kan shugabanni kaɗai: hana biza, riƙe dukiya, da wa'adin sake dubawa. Wannan ya fi kusa da adalci, amma yana buƙatar bincike na musamman, saboda bankuna ba sa tsayawa inda doka ta tsaya. Bayan tarar kusan dala biliyan 9 da aka ci BNP Paribas a 2014 kan hulɗa da Sudan da Iran da Kyuba, da kuma mayar da Kyuba jerin masu goyon bayan ta'addanci a Janairun 2021, bankuna da yawa sun gwammace su ƙi taɓa duk kuɗin da ya shafi tsibirin, har da na magani da na ƙananan 'yan kasuwa waɗanda doka ta halatta.