Tarihin Jan Gargaɗin Da Burauza Ke Nuna Maka Bayan Afdet

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin shafin gargaɗin nan da ke tare mutum a intanet. Ka sabunta Chrome ko Firefox da daddare, da safe ka buɗe shafin da ka saba shiga, sai burauza ta ce ba ta amince da takardar shaidarsa ba. Yawancinmu sai mu lalubo inda aka ce a ci gaba, mu danna, mu wuce. Ni dai so nake kafin mu rabu ku san asalin gargaɗin nan, don wanda ya san asalinsa ba zai riƙa tsallake shi da ka ba.

Labarin ya faro ne a Amurka. A 1995 kamfanin Netscape ya fito da wani tsari mai suna SSL, kuma cikin waɗanda suka jagoranci aikin akwai wani masani ɗan Masar, Taher Elgamal. Matsalar da suke son magancewa ita ce: ya za a yi ka san shafin bankin da ka buɗe na bankin ne da gaske? Sai aka ce kowane shafi ya riƙe takardar shaida, wani kamfani amintacce ya sa mata hannu. Kamar dai yadda mai unguwa zai shaide ka, dagaci ya shaidi mai unguwa, hakimi ya shaidi dagaci. Ita kuma burauza tana ɗauke da jerin manyan da ta yarda da sa hannunsu. In ta bi sarƙar nan ba ta kai ga ɗaya daga cikinsu ba, sai ta tsayar da kai.

To, in shi mai sa hannun ne ya lalace fa? Hakan ta faru a 2011. An yi wa wani kamfanin ba da shaida na ƙasar Holan mai suna DigiNotar kutse, aka buga takardun bogi sama da 500, har da ta Google. Da ita aka riƙa leƙen saƙonnin Gmail na mutanen Iran, kuma binciken da aka yi ya nuna abin ya shafi kusan mutum 300,000. Kun san yadda asiri ya tonu? Wani mai amfani da Chrome a Iran ne ya ga gargaɗi, bai tsallake ba, ya kai ƙorafi. Nan da nan masu burauza suka fitar da afdet suka cire DigiNotar daga jerinsu. Shafukan gwamnatin Holan da yawa da shi suka dogara, dole gwamnati ta karɓe ragamar aikin. Kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya durƙushe.

Bayan shi sai Symantec, wanda a lokacin babba ne sosai a harkar, don Thawte da GeoTrust da RapidSSL duk a ƙarƙashinsa suke. A 2015 aka kama shi ya fitar da takarda da sunan Google ba da sanin Google ba. A 2017 Google ya ce akwai takardu aƙalla 30,000 da ba a bi ƙa'ida wajen bayar da su ba. Symantec ya sayar wa DigiCert wannan ɓangare na kasuwancinsa, Chrome kuma ta janye amincewa a mataki biyu: Chrome 66 a watan Afrilun 2018, sai Chrome 70 a watan Oktoba. Duk mai shafin da bai canza takarda ba, baƙinsa suna yin afdet sai ga jan gargaɗi. Mutane suka yi ta zagin afdet, alhali aikinsa ya yi.

Akwai kuma akasin haka, wato wanda bai yi afdet ba shi ne ya sha wahala. Ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata tsohuwar babbar takarda da Let's Encrypt ke jingina da ita ya ƙare. Na'urorin da suka daɗe ba a sabunta su ba, irin su iPhone da ba ta kai iOS 10 ba, ba su san sabuwar takardar ba, sai shafuka masu lafiya suka daina buɗuwa. Mu da muke yawan riƙe wayoyi 'yan gwanjo, wannan ya shafe mu kai tsaye.

To yanzu in ya fito maka, me za ka yi? Fara duba kwanan wata da agogon na'urarka. Kowace takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya koma baya, mai kyau ma za ta zama marar kyau. Sannan ka gwada wani shafin. In shafi ɗaya ne kawai, mai yiwuwa matsalar daga masu shi take, ka sanar da su ka jira. In duk shafuka ne, ka sauka daga waifai ka koma data, don wani waifan sai ka shiga ta shafinsa tukuna. A kwamfuta ka duba antibayros ɗinka, wasu suna shiga tsakaninka da shafuka da takardarsu, afdet kuma kan raba su da burauza. Ka sabunta shi, ka sabunta na'urar gaba ɗaya. In wayar ta tsufa kuma ba iPhone ba ce, gwada Firefox, don da nata jerin take zuwa.

Abu biyu kuma kar ka yi. Kar ka sa kalmar sirri ko lambar katin banki a shafin da aka gargaɗe ka a kai. Kuma kar ka saka wata takardar shaida da wani ya turo maka wai don gargaɗin ya tafi. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasar su saka tata takardar a na'urorinsu, wadda za ta ba ta damar karanta abin da suke yi, sai da Google da Mozilla da Apple suka toshe ta. Ku masu fafutuka da 'yan jarida, ku riƙe wannan da kyau, don wanda ka saka takardarsa ka ba shi mabuɗin ɗakinka ne.

Nan za mu tsaya yau. Ku tura wa wanda kuka san hannunsa na saurin danna ci gaba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.