Giyar Masu Girbi a Lardin Hainaut

A kudancin ƙasar Beljiyam, daf da iyakar Faransa, akwai wani lardi da ake kira Hainaut. Mutanensa Faransanci suke ji. Ƙasar noma ce mai kyau, ana noman alkama da sha'ir, a ƙarƙashinta kuma akwai kwal. A cikin ƙarni na 18 da na 19 manyan gonakin wannan lardi sukan dafa giyar kansu, wadda daga baya ta shahara da sunan saison. Ma'anar kalmar a Faransanci ita ce lokaci na shekara, kamar yadda ake cewa kaka ko bazara. 'Yan ƙodagon da ke zuwa aikin girbi su koma gida bayan an gama, su ma daga wannan kalma aka ba su suna.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, giyar nan ba ta da ƙarfi, kuma da gangan aka yi ta haka. Abin sa maye da ke cikinta wajen kashi 3 cikin ɗari ne, ko ya ɗan ɗara. Dalili a fili yake. Mutumin da ke riƙe da lauje mai tsawo tun safe har yamma a watan Yuli da Agusta yana bukatar abin kashe ƙishi sau da yawa a yini. In abin shan ya bugar da shi, ko dai ya sari ƙafar na kusa da shi, ko ya kwanta a inuwa alkama tana zuba a ƙasa. Mai gona kuwa ba ya son ko ɗaya. Wanda ya san gayya ba zai yi mamaki ba, gama ya san mai gayya ba ya tara mutane sai ya tanadi kunu ko fura, a waɗansu garuruwa kuma burukutu, ko pito a arewacin Ghana, ko bilbil a arewacin Kamaru. A Hainaut ma abin sha yana cikin hakkin ma'aikaci, tare da abinci da wurin kwana.

Da hunturu ake dafa ta, don a lokacin babu injin sanyi, giyar da aka dafa cikin zafi kuwa saurin lalacewa take yi. Sai a jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a niƙa, a haɗa da abin da gonar ta ba da a shekarar, ko alkama ko wani hatsi. A dafa tare da furen wani tsiro mai yaɗo da Turawa ke nomawa musamman don giya, mai ɗaci, wanda ke hana ta ruɓa da wuri. Daga nan a zuba a gangunan katako, a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har zafi ya zo. Wannan tsari yana da wata riba. Barorin gona na dindindin sun sami aikin yi a watannin da ƙasa ta daskare, dusar hatsin da aka tace kuma ta zama abincin shanu. Ba gonaki biyu da giyarsu ta zo ɗaya, domin kowa da hatsinsa, da rijiyarsa, da irin yistin da ya zauna a gangunansa. Watannin da take yi a katako sukan sa ta ɗan yi tsami.

Mahaƙa kwal na lardin su ma suna da tasu mara ƙarfi, mai alkama a ciki, ana ce mata grisette. A gidaje kuma akwai wadda ake kira giyar tebur, wadda ta fi su duka rauni, har akwai lokacin da ake ba da ita a ɗakunan cin abinci na makarantu. Ko 'yan zuhudun gidan Westmalle, da ke arewacin ƙasar, waɗanda giyarsu ta sayarwa mai suna Tripel take kai kashi 9.5, abin da suke sha da abincinsu wata ce dabam mai kashi 4.8.

To, me ya sa giyar gona ta kusa ɓacewa? Da farko ilimi ne ya canja sana'ar. A shekara ta 1842 aka fara dafa irin giyar Pilsen, garau, mai launin zinariya, a ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek. A cikin shekarun 1870 Bajamushe Carl von Linde ya ƙera injin sanyi mai aiki sosai, sai dafa giya ta daina jiran hunturu. A 1876 Louis Pasteur na Faransa ya buga bincikensa a kan ƙwayoyin da ke lalata giya, a 1883 kuma Emil Hansen ya ware yisti iri ɗaya tak a kamfanin Carlsberg na Denmark. Duk wannan manyan kamfanoni ya amfana, gama su ke da kuɗin injuna. Wajen 1900 Beljiyam tana da wuraren dafa giya fiye da 3,000, yawancinsu ƙanana. Da Jamus ta mamaye ƙasar daga 1914 zuwa 1918, sojojinta suka kwashe tukwanen tagulla don kayan yaƙi, masu ƙananan wurare da yawa kuwa ba su sake tashi ba.

Sai kuma dokar 1919. Ministan shari'a na lokacin, Emile Vandervelde, ɗan gurguzu ne mai yaƙi da shaye-shaye, ya ga yadda barasa mai zafi ke cinye albashin ma'aikata da zaman lafiyar gidajensu. Dokar da ke ɗauke da sunansa ta hana sayar da barasa mai zafi a mashaya, a kanti kuma ba a sayar da ƙasa da lita biyu, abin da aljihun lebura ba zai iya ba. Niyyar mai kyau ce, shan barasa mai zafi kuwa ya ragu ƙwarai. Amma dokar ba ta taɓa giya ba. Masu tarihin wannan sana'a da yawa suna ganin tana cikin abubuwan da suka sa masu dafawa suka dinga ƙara wa giyarsu ƙarfi, don su jawo wanda aka hana shi kwalbarsa. Dokar ta zauna har farkon shekarun 1980.

Amma abin da ya gama da saison ta dā shi ne tarakta da injin girbi. Da aikin mutum talatin ya koma hannun mutum biyu, babu sauran taron da za a shayar. Gonakin da suka ci gaba da dafawa sai suka koma sayarwa a kwalba, mai saye a gari kuwa ba ƙishin girbi yake ji ba. Gidan Dupont da ke ƙauyen Tourpes misali ne. Tun 1844 ake dafa giya a gonar. A 1920 Alfred Dupont ya saye ta don ɗansa Louis, wanda ke shirin ƙaura zuwa Kanada, ya sami abin da zai riƙe shi a gida. Saison Dupont da duniya ta sani yau kashi 6.5 ce, wato ninki biyu na abin da masu lauje suka sha. Sunan ya tsira, amma dalilin da ya sa aka yi ta mara ƙarfi ya tafi tare da 'yan ƙodagon.

Daga waje aka sake waiwayarta. Marubucin Ingila Michael Jackson (ba mawaƙin Amurka ba) ya buga littafinsa a kan giyoyin duniya a 1977, ya ci gaba da jawo hankali ga na Beljiyam har rasuwarsa a 2007. Ƙananan masu dafa giya a Amurka suka ɗauki salon, waɗansunsu kuma suka koma ga mara ƙarfin, suna kiranta saison ta tebur ko grisette. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin gadon al'adun duniya.

Masu ɗanɗana irin wannan giya sukan ce ita ce mafi wuyar dafawa, kuma akwai gaskiya a maganar. Mai ƙarfi tana da zaƙi da zafi da za su rufe kuskuren mai dafawa, mara ƙarfi kuwa ba ta da inda za ta ɓoye shi. In an zuba ta launinta kamar na karan alkama ne, da ɗan duhu-duhu, kumfa fari ya taso sama. Ƙamshinta ya kan yi kama da ɓawon lemo da masoro, alhali sau da yawa ba a sa ko ɗaya ba, aikin yistin ne. Shi wannan yisti yana jure zafin da zai ɓata sauran giya, yana kuma cinye kusan dukan sukarin da ke ciki, shi ya sa ba ta barin zaƙi a baki, sai ɗan ɗaci da ke wucewa nan da nan.

Gidan Dupont ma ya fito da wata mai kashi 3.5, mai suna Biolégère, daga hatsin da aka noma ba da takin zamani ba. Ana shanta a Brussels da New York, a kan tebur, cikin kofin gilashi. A gonakin da ke kewaye da Tourpes kuwa injin ne ke yanke alkama, mutum ɗaya ne a cikinsa.