Masu Ƙidayar Ranar Dawowar Annabi Isa

Duk lokacin da duniya ta yi zafi, maganar ƙarshen zamani takan cika bakin jama'a. Mu mazauna Maiduguri mun sha jin ta tun daga tashin hankalin da ya faro a 2009, mun kuma sake jin ta sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwanni. A kasuwa da majalisa, Musulmi da Kirista, kowa cewa yake alamomi sun bayyana. To, tunda mu da maƙwabtanmu Kirista duk mun yarda Annabi Isa (AS) zai dawo, ya kyautu mu san tarihin waɗanda suka ɗauki Littafi Mai Tsarki na Kirista suka ce za su fitar da ranar, da kuma abin da ya biyo baya.

Tushen lissafin yana cikin Littafin Daniyel. A sura ta 8 an ambaci maraice da safiya 2,300 kafin a tsarkake wuri mai tsarki. A Littafin Ezekiyel kuma, sura ta 4, akwai inda aka mai da kwana ɗaya a matsayin shekara ɗaya. Sai masu lissafi suka haɗa biyun, suka ce ashe shekara 2,300 ake nufi. Abin da ya rage shi ne a san inda za a fara ƙirga, kuma nan ne gizo ke saƙa, domin littafin bai faɗa ba. Kowa sai ya zaɓi mafarin da ya yi masa.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne William Miller, wani manomi a jihar New York ta Amurka. Shi ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da ya ɗauka Sarkin Farisa ya ba da umurnin a gyara Birnin Ƙudus. In ka cire 457 daga 2,300, sai ka sami 1843. Ya ce abin zai faru tsakanin watan Maris na 1843 da Maris na 1844. Da lokacin ya wuce shiru, sai wani mabiyinsa mai suna Samuel Snow ya sake lissafi, ya tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Dubban mutane suka gaskata. Wasu suka bar amfanin gona ba su girbe ba, wasu suka rabar da dukiyarsu. Ranar ta zo, rana ta fito ta faɗi kamar kullum, aka wayi gari da baƙin ciki da dariyar maƙwabta.

Amma fa tafiyar ba ta mutu ba. Wasu daga cikinsu suka ce lissafin daidai ne, fassarar ce aka kuskure, wai abin a sama ya auku ba a ƙasa ba. Daga cikinsu ne cocin Adventist masu ibada ran Asabar ya fito a 1863. Ya iso Nijeriya a 1914, daga baya ya kafa tasha a Jengre ta ƙasar Filato. Haka nan Charles Taze Russell, wanda Shaidun Jehobah suka samo asali daga ƙungiyarsa, ya tsayar da 1914, ta hanyar ƙirga shekara 2,520 daga sura ta 4 ta Daniyel. A zamaninmu ma wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya ambaci Satumba 1994, ya koma 21 ga Mayu 2011, ya sake ɗagawa zuwa Oktoba. A 2012 ya fito ya ce ya yi kuskure.

Abin mamaki shi ne, littafin da suke dogara da shi ya riga ya rufe wannan ƙofa. A Linjilar Matiyu sura ta 24 da ta Markus sura ta 13, an nuna cewa sanin ranar da sa'ar na Allah ne kaɗai, ko mala'iku ba su sani ba. Tun kusan shekara 1,600 da suka wuce babban malamin Kirista Augustine, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya gargaɗi masu irin wannan ƙidaya su huta. Shi ya sa yawancin manyan coci-coci ba su yarda da sa rana ba.

Yanzu bari mu dawo gida, domin jiran Annabi Isa yana da nasa tarihin a ƙasar Hausa tun kafin zuwan 'yan mishan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Isa ɗan Maryamu, har ya tara mabiya da aka riƙa kira Isawa. Hukuma ta ga abin ya kauce hanya, aka kashe shi a Kano wajajen 1867. Mabiyansa suka watsu, wasu Ningi, wasu ƙauyukan Zazzau. Su ba su yanke rana ba, jira kawai suke. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Kada mai karatu ya rikita shi da wancan Miller na Amurka, wannan Bature ne ɗan Ingila. Wasunsu suka karɓi Kiristanci, suka kafa ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya kashe da yawa, saura suka koma Zariya. A 1929 mishan ɗin ya tashi zuwa Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, Bahaushe ya iya karanta Daniyel da harshensa.

Kada kuma Musulmi ya ce laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani. Mu ma mun yi namu lissafin. Da shekarar Hijira ta 1300 ta gabato, wato 1882, tsammanin Mahadi ya cika ƙasa, ga shi Muhammadu Ahmad ya riga ya yi da'awa a Sudan tun 1881. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a, ya haɗa kai da Rabeh wanda ya rushe Kukawa a 1893 ya zauna Dikwa, daga bisani mutanen Rabeh ɗin ne suka kashe shi. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya ja jama'a zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi, ɗansa ya ƙarasa Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Tun kafin haka kuwa Shehu Usmanu ya fito fili ya ce shi ba Mahadi ba ne, Alƙur'ani kuma ya bar sanin Sa'a ga Allah.

To, jama'a, ga darasin. Duk ranar da aka yanke ta wuce, amma wanda ya bar gonarsa ko ya rabar da jarinsa bai sami mai mayar masa ba. Mu da muka zo neman abinci a ƙasar Shehu, in wani ya zo da alƙalami da lissafi, malami ne ko fasto, mu tambaye shi daga ina ya fara ƙirga, wa kuma ya ba shi mafarin. Sa'an nan mu koma sana'armu, mu biya bashi, mu sa yara makaranta, mu kyautata wa maƙwabci. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.