Daga Tayuri Zuwa Ghat: Tsohuwar Hanyar Fatake

Wanda ya tashi daga Tayuri ta Sabha ya nufi yamma, kwarin Wadil Hayat zai bi. A nan Jarma take, kangon birnin mutanen da suka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa tun kafin zuwan Musulunci. Arewa da ita tafkunan Ubari ne, ruwan gishiri kewaye da dabino a tsakiyar rairayi.

Gaba can sai Ghat, daura da duwatsun Akakus. Ta nan ayari ke wucewa da turkuɗi da jemammun fatun Kano, har da bayi, zuwa Tarabulus. Shi ya sa har yau ake jin Hausa a garin. Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ya da zango a nan a 1850, ya shiga Kano a 1851.

Zanen giwaye da raƙuman dawa da shanu a jikin Akakus shaida ne cewa hamadar nan ta taɓa zama makiyaya. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1985, sannan cikin masu fuskantar haɗari a 2016. A 2011 baƙi suka ɗauke ƙafa, wasu zane-zanen kuma an ɓata su da fenti. Jama'a, ku kai 'ya'yanku su gani tun da sauransu.