Iskokin Fulorin a Najeriya da Nijar: Kwatancen Hanyoyin Fitarsu da Abin da Ya Shafi Ƙasar Ikara

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda iskokin fulorin ke fita daga masana'antu a Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Ta nuna cewa duk da bambancin ƙarfin masana'antunsu, babbar ƙofar yoyo ɗaya ce a ƙasashen biyu, wato sana'ar gyaran kayan sanyi.

Gabatarwa

Iskokin fulorin ɗan Adam ne ke haɗa su. Fitattu a cikinsu uku ne: HFC na firji da na'urar sanyaya ɗaki, PFC da ke tasowa wajen narka alminiyam, da SF6 da ake zubawa a manyan makunnan tashoshin lantarki. Kaɗan ne a sararin sama, amma illarsu babba ce. Bisa ma'aunin da kwamitin IPCC ya fitar a 2007, kilo ɗaya na HFC-134a yana ɗumama duniya daidai da kilo 1,430 na iskar kabon cikin shekara 100, SF6 kuwa daidai da kilo 22,800.

Hanyar Bincike

An ɗora kwatancen kan abu uku: alƙawuran ƙasa da ƙasa, nau'in masana'antu, da hanyar shigowar kaya.

Sakamako

Ta fuskar alƙawari babu bambanci. Ƙasashen biyu sun amince da Gyaran Kigali na 2016 ga Yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma rukuni ɗaya suke: tsayar da ƙaruwar amfani da HFC a 2024, rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, har a kai kashi 80 a 2045.

A masana'antu ne aka rabu. Najeriya tana da masu harhaɗa firji da kayan sanyi a Legas da Kano, tana kuma da kamfanin alminiyam na ALSCON a Ikot Abasi, wanda tsayawar aikinsa ta rufe hanyar fitar PFC. Nijar ba ta da irin wannan kamfani, tashoshin lantarkinta ma ba su kai na Najeriya yawa ba, don haka buƙatarta ga SF6 ƙarama ce. Sai dai babu wadda ke sarrafa HFC a cikinsu. Duk shigo da shi suke yi.

Tattaunawa

Tunda ba a sarrafa iskar HFC a gida, wurin amfani da ita ne wurin asararta. Firizar mai ƙanƙara a yankin Ikara, a Saulawa ko Makarfi ko Kudan, idan ta daina sanyi, mai gyara yakan ce gas ya ƙare, ya ɗura sabo. Alhali iskar ba ta ƙarewa sai in bututu ya huje. In ba a toshe hujin ba, wadda aka ɗura ita ma sama za ta tafi. Haka abin yake a Maraɗi ta Nijar.

Akwai kuma matsalar ƙididdiga. Kaya na kai-komo tsakanin Kano da Maraɗi ta Jibiya, saboda haka tukunyar gas da aka rubuta a lissafin wata ƙasa tana iya tsiyayewa a ɗayar. Kwatancen da ya dogara ga alƙaluman kwastan kaɗai zai iya karkata.

Kammalawa

Manoman tumatir na ƙasar Ikara suna buƙatar ɗakunan sanyi, buƙatar kuwa ƙaruwa za ta yi, haka ma haɗarin yoyon iskar. Maƙalar tana ba da shawarar a horar da masu gyara kan gano yoyo da tattara tsohuwar iska, a fifita na'urori masu amfani da iskokin R-600a da R-290, waɗanda ɗumamarsu ba ta taka kara ta karya ba amma suna kama wuta in aka yi sakaci, sannan ofisoshin kula da ozon na Abuja da Yamai su riƙa daidaita lissafinsu.