Yadda Aka Gano Tartsatsin da Ke Ɓoye a Wayar Sola

Kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ne madogarar masu shaguna a Potiskum duk lokacin da wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola ta ɗauke. Da fetur ya yi tsada, sai farantan sola suka hau rufin shaguna, masallatai da rijiyoyin burtsatse. Kayan sun iso da sauri, amma sanin haɗarinsu bai iso tare da su ba.

Ko a ƙasashen da suka ƙera su, a makare aka fahimci wannan haɗari. A 1954 ne masana a Bell Labs da ke Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta farko mai amfani. A 1982 injiniya Ralph Lee ya nuna cewa tartsatsin lantarki kan ƙone ma'aikaci ko bai taɓa waya ba. Ma'aunin IEEE 1584 na 2002 ya kawo hanyar lissafa zafin wannan tartsatsi, amma na wutar AC kaɗai, irin ta NEPA.

Ita kuwa wutar faranti DC ce, kuma halinta daban. Wutar NEPA tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsinta kan mutu da kansa. DC ba ta da wannan hutu. Idan mahaɗin waya ya yi sako-sako, ko ɓera ya ci roba, wutar kan tsallaka ta iska ta ci gaba da ci muddin rana na dukan faranti. Gobarar da ta tashi a kayan solar da ke rufin wani babban kanti a Bakersfield ta Kaliforniya a 2009 ta farkar da mutane, kuma a 2011 dokar wayoyin lantarki ta Amurka ta wajabta na'urar da ke gano tartsatsi ta katse layin.

A Potiskum, zafin bazara da ƙurar hunturu suna cin wayoyi da wuri. Mai haɗa sola da ya san aikinsa ba ya sa makatsar AC a layin DC, ba ya zare mahaɗi alhali wuta na gudana, kuma yakan hau rufi ya duba duk inda roba ta yi baƙi ko ta narke. Mai gida ma ya dace ya tambayi mai haɗa sola game da waɗannan kafin ya tambayi farashi.