Tarihin bakin bindigar maharbi

In maharbi ya ce bindigarsa kalibar 12 ce, kalmar da ke bakinsa ta sha tafiya. Daga Faransanci muka aro ta, masana da dama kuma suna mayar da asalinta ga Larabci, ƙalib, wato mazubin da ake zuba narkakkiyar dalma. Bindiga ma daga bunduƙiyya take, harsashi daga rasas, ma'ana dalma, albarushi kuwa daga barud.

A da, maharbi shi ke yanke wa kansa nauyin harbi. Bindigar ɗuri ce, ta baki ake cika ta: in zabi zai nema ya zuba ƙananan ƙwayoyi, in ɓauna ce ya ɗura dunƙule guda. Maƙeranmu sun san aikin, don a ƙarni na 19 har igwa ana ƙerawa a Zinder, zamanin Sarkin Damagaram Tanimun. A 1890 Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Burusel, suka taƙaita sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, aka bar su da tsofaffin na ɗuri.

A can Faransa kuwa bakin bindiga raguwa yake. Gras ta 1874 milimita 11 ce, Lebel ta 1886 ta sauko 8, saboda sabon albarushi marar hayaƙi yana tura ƙaramin harsashi nesa. Daga nan zaɓi ya bar hannun maƙeri ya koma lambar masana'anta.

To amma a kula, 12 ɗin nan ba milimita ba ce. Tsohon lissafi ne: a raba fam guda na dalma gida 12, a mulmula kowane, ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bakin, kusan milimita 18 da rabi. Shi ya sa 20 ta fi 12 ƙanƙanta.

Rashin sanin wannan dabba yake ci. Ƙwayoyin zabo ba sa kayar da gwanki, rauni kawai suke masa, ya je ya mutu cikin daji a banza. Harsashi mai nisan zango kuma, da ya haɗu da mota, ya taimaka wajen ƙarar da mariri a Sahel. Nijar ta kafa dokar farauta a 1998, amma doka ba ta bin maharbi daji. Tambayar tsofaffi tana nan kafin a ɗana kunama: wace dabba ce, kuma nawa suka rage?